Irin da Labaran Ya Aiko

Labaran, irin da ka aiko ya iso.
Ambulan guda, ƙwayoyi baƙaƙe,
ba su kai gero girma ba.
Ka rubuta a baya: kanola, Baba,
a nan mai ake matsa da shi.
Hoton ma na gani a wayar ƙanwarka,
rawaya daga ƙafarka har inda sama ta sauko,
kai a tsakiya cikin rigar sanyi,
ba ka fi tsinken sakace ba.

Na ba shi fangali biyu a bakin rafin Wiwi,
wurin da latas ya saba kwana.
Kashin kaji buhu da rabi,
bashi na ɗauko a Oforikrom.
Na bar taki guda tsakanin layi da layi,
ban binne shi da zurfi ba, yadda ka ce.
Kwana biyar ya leƙo.
Da ganye ya buɗe na durƙusa na duba,
sai na yi dariya ni kaɗai:
ashe ɗan'uwan kabeji ne!
Ka haye teku don ka aiko mini dangin maƙwabci.

Tsutsa ta riga ni gane shi.
Koriyar nan siririya,
mai sauka da zare in an taɓa ganye,
wadda ta yi mini rariya da kabeji bara,
ta zo sannu da zuwa, ita da jikokinta.
Na daka 'ya'yan darbejiya, na jiƙa, na tace,
na fesa da la'asar har sau uku.
Ta ragu. Ba ta tafi ba.

Sai fure, rawaya sak irin na hoton.
Ranar Kumasi ta zuba masa ido kwana huɗu,
ya kakkaɓe kamar ƙaiƙayi.
Kwanson da ya tsira na murza a tafi,
rabinsa iska.
Abin da na tara bai cika gwangwanin madara ba.

Ga lissafi, tunda kai ma ka san baƙi da fari.
Taki, sidi tamanin.
Yakubu mai garwa, safe da yamma, wata uku,
ban faɗa ba, kada ka ji kunya.
A wata ukun nan da latas ya tashi sau biyu,
da Mame Afrakoma ta zo da kwandonta kan asuba
ta saye shi a tsaye,
ta taya, in ƙi, ta juya kamar ta tafi,
ta dawo tana kwance bakin zane.
Ta zo kuwa. Ta tsaya kan furen
ta ce, Baba Tanimu, wannan na ado ne? Nawa?
Na ce ba shi da kuɗi.
Shekara goma sha biyu muna ciniki,
ranar na fara faɗa mata farashin gaskiya.

Uwarka ta tsinki ganyen ta kaɗa miya.
Ta ce da ɗan ɗaci, amma daga hannunka ya fito.
Ta ƙara.

Fangalin biyu ba za su ga kabeji bana ba,
dangi ba ya bin dangi a ƙasa ɗaya,
cutar wancan takan jira wannan.
Albasa zan sa, ƙasa ta manta.

Kai kuma, in kun zauna da mai gonar,
kada ka tambaye shi faɗinta.
Tambaye shi abin da ke saura a aljihu
bayan injin ya ci, taki ya ci, banki ya ci,
kai ma ka ci.
In ya yi shiru yana kallon sama,
ka gaishe shi, manomi ne.

Gwangwanin yana kan taga, na rufe da leda.
Uwarka ta hana a ba kaji.